Ranar da Aka Auna Dokta Isifu a Zugu

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kai ɗalibai Zugu aka auna jinin Dokta Isifu a ƙofar gidan baffansa ba. Na sha ba da labarin da baki a gareji. Yanzu da na shiga ajin manya, hannuna ya fara sabawa da alƙalami, na ga gara in rubuta shi domin ku sababbin direbobi da sauran ƙananan ma'aikata, har da ɗaliban da suke son ji.

A lokacin ina direba a wata makarantar koyon aikin lafiya a Paraku. Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da aka ce kowa ya kira kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya. A baki haka ake yi, amma kowa ya san matsayinsa. Darakta ne a sama. Ƙarƙashinsa likitocin da suke koyarwa. Daga su sai malaman aikin hannu, waɗanda suke nuna wa ɗalibai allura da wankin ciwo da awon jini, babbarsu Madam Odet. Sai ɗalibai. Mu ne a ƙarshe: ni, da kuku, da mai gadi, da masu shara. Ban da tuƙi ina yin tafinta, domin yawancin ɗaliban daga kudu suke, ba sa jin Hausa, ba sa jin yaren Dendi.

Dokta Isifu shi ke koyar da yadda mutum zai kiyaye lafiyarsa tun kafin ya kwanta ciwo. Ɗan Zugu ne, garin da takardun gwamnati suke kira Djougou. Kakanninsa fataken goro ne, har yanzu danginsa goro suke sayarwa. Amma shi ba ya cin goro. Ba ya shan taba, ba ya sa sukari a shayi, gishiri kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Gidansa yana unguwar Gema, kuma da ƙafa yake zuwa makaranta kowace safiya. Nakan je ɗaukarsa kamar yadda aka umarce ni, sai ya miƙo mini jakarsa ta taga ya ce in wuce. Mutanen unguwa sun saba ganin mota tana tafe da jaka, mai jakar yana biye a ƙasa. Ranar Asabar da sassafe yakan fitar da ɗalibai gudu a fili, shi ne a gaba, alhali ya haifi wasunsu.

Shi ya sa aka rage gishiri a kicin ɗin makaranta. Kuku ya yi fushi, ya ce an mayar da miyarsa ruwan wanka. Ɗalibai suka riƙa ɓoye gishiri a akwatin ashana, suna barbaɗawa a ƙarƙashin tebur. In jarrabawa ta matso, su cika cikinsu da kofi da goro don kada barci ya ɗauke su, wasu su sulale Gare, wato tashar jirgin ƙasa, su sayi taba. Sauran likitocin ma ba su da bambanci, sai dai su a fili suke yi. Dokta ya san duk wannan. Ba ya zagi, ba ya duka. Sai ya tsaya gaban aji ya buga ƙirjinsa ya ce, "Ku dube ni. Ban taɓa kwana a gadon asibiti ba. Abin da nake gaya muku, a jikina na gwada shi." Kuma gaskiya ne. Duk shekarun da na tuƙa shi ban taɓa ganin ya sha ko ƙwayar ciwon kai ba.

Bari in yi bayanin awon jini domin wanda bai sani ba, abin da muke kira tansiyo. Akan naɗa wani ƙyalle mai roba a damtse, a matsa wata ƙwallon roba har ƙyallen ya kumbura ya kama hannu, sannan a sassauta a hankali. Mai awo yana saurare da abin kunne, yana kallon allura a kan wani ɗan agogo. Lamba biyu ake samu, ta sama da ta ƙasa. Sha biyu bisa takwas lafiya ce. In ta sama ta haura sha shida, sai a fara yi wa mutum faɗa. In ta wuce ashirin, ba a barinsa ya koma gida da ƙafarsa. Na san wannan ne domin a kanmu ɗalibai suke koyo. In an zo darasin, sai Madam Odet ta aika a kira mu, mu jera a benci mu miƙa hannu. Ina jin babu damtsen da aka matsa a Paraku kamar nawa. Amma ban taɓa ganin ɗalibi ya naɗa ƙyallen nan a hannun malami ba. Babu dokar da ta hana. Haka kawai aka tarar, haka kuma ake tafiya.

A shekarar ƙarshe ta karatunsu akan fitar da ɗalibai unguwanni su yi wa mutane bayanin lafiya, malami yana gefe yana ba da maki. A wannan shekara Dokta ya zaɓi unguwarsu a Zugu. Ƙarshen damina ne, hanya ta lalace, sai da hantsi ya yi muka isa. An shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gidan baffansa, Alhaji Bukari. Huhunan goro suna jingine a bango, wani yana yayyafa musu ruwa. Dattawan unguwa sun cika wurin. Alhaji tsoho ne tukuf, haƙoransa sun zube, a magogi yake goga goronsa ya watsa a baki.

Da aka gaisa, ya miƙa wa Dokta farin goro babba. Dokta ya karɓa da hannu biyu, ya juya ya ba ni.

Alhaji ya ce, "Kun gani ko? Da kuɗin goro aka kai shi makaranta, ya dawo yana ba direba."

Aka yi dariya. Dokta ya ce, "Baba, ai na karɓa."

"Ka karɓa da hannu. Ni da baki nake nufi."

Ɗalibai suka fara bayani ɗaya bayan ɗaya, ina juyawa da Hausa. A rage gishiri. A rage mai. A rage goro, musamman da yamma. A riƙa tafiya da ƙafa. Dattawa suna saurare suna tauna. Wani ya tambaya ko in an daina cin goro gwamnati ce za ta ciyar da Zugu. Da aka fito da abin awo aka ce a zo a gwada, babu wanda ya motsa. Wani ya ce ya ji labari abin yana tsotse jini. Wani ya ce shi ba ya son a gaya masa ciwon da bai ji ba.

Alhaji ya nuna Dokta da sandarsa. "A fara da ɗana. In ya tashi da ransa, ni ne na biyu."

Dokta ya ji daɗin wannan, na gani a fuskarsa. Ya naɗe hannun rigarsa, ya zauna a tsakiya, ya ce da Hausa domin kowa ya ji, "To, yau za ku ga jinin mutumin da ba ya cin goro." Ya kira Mariyama. Ita ce ta fi kowa a ajin, 'yar Zongon Paraku ce, mahaifinta mai shagon yadi. Yarinya ce mai natsuwa, hannunta ba ya rawa.

Ta naɗa, ta matsa, ta saurara. Ta sassauta har iska ta fita duka. Sai ta gyara abin kunne ta sake matsawa. Ina tsaye kusa da ita, na ga gumi ya tsatso a goshinta. Ta sake na uku.

Alhaji ya ce, "'Yata, ko babu jinin ne gaba ɗaya?"

Aka bushe da dariya. Dokta ma yana murmushi, ya ce mata da Faransanci ta faɗi lambar da ƙarfi. Ta dube shi, ta dubi dattawan, ta dubi Madam Odet da 'yan ajinsu. Sannan ta ce sha biyu bisa takwas. Na juya da Hausa, na ƙara da cewa wannan jinin saurayi ne. Wasu suka yi kabbara. Alhaji ya miƙa hannu kamar yadda ya yi alkawari, nasa ya fito ba laifi, ya ce to ashe shi da ɗansa sun yi kunnen doki, shi kuwa bai bar goronsa ba. Daga nan kowa ya miƙo hannu. An samu mutum uku ko huɗu da nasu ya hau, aka rubuta musu takardar asibiti. Dokta ya ce ba a taɓa yin fita mai kyau kamar wannan ba.

A hanyar dawowa muka tsaya wani ƙauye domin la'asar. Ina duba ruwan mota sai ga Mariyama a bayana.

Ta ce, "Baba Salifu, ƙarya na yi."

Na ce wace ƙarya.

"Ashirin da biyu bisa sha uku ne. Sau uku na auna, bai sauka ba."

Na ajiye galan. Na ce, "Kin tabbata abin bai lalace ba?"

"Da shi na auna sauran. Lafiyarsa lau." Ta share ido da gefen ɗankwalinta. "Yaya zan faɗa a gaban baffansa? Bayan abin da ya ce? Da sun yi masa dariya har ya mutu."

Ban ga laifinta ba a lokacin, har yanzu ma ban gani ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, abin da ba a faɗa a rumfa ba ana iya faɗarsa a ɗaki. A zatona abu ne mai sauƙi.

Washegari muka sami Madam Odet. Ta saurara har ƙarshe, ta rufe ƙofa, ta ce, "Shi likita ne. Ni wace ce da zan ce masa ba shi da lafiya? Jikinsa ne, ya fi mu saninsa." Ta shawarci Mariyama ta yi shiru har a gama jarrabawa, domin makin fita a hannunsa yake. Ni kuma na sami darakta ranar da na kai shi Gare zai hau jirgin Kutanu. Na faɗa masa a hankali, ban ambaci sunan yarinyar ba. Ya yi dariya har ya buga cinyarsa. "Isifu? Kamarad, Isifu ne zai binne mu duka. Ni ya kamata ka ji wa tsoro." Ya kunna tabarsa ya shiga jirgi.

Daga nan na fara lura da abin da da ba na lura da shi. In muna tafiya da rana, Dokta yakan kai hannu ƙeyarsa ya matsa. Wata rana ya yi haɓo a mota, ya ce zafi ne. Na ce, "Dokta, da ka bari an sake duba tansiyon nan naka."

Ya ce, "Ai a gabanka aka duba. Kai ka juya wa mutane."

Na ce, "Abin awo yakan yi kuskure."

"Salifu, ka kula da ramukan hanya. Ka bar mini jini."

Na mayar da idona kan hanya. Shi ne mai gidana, kuma bai taɓa wulaƙanta ni ba. Ban san yadda zan ƙara ba.

Mariyama ba ta bi shawarar Madam ba. Ana saura kwanaki kaɗan jarrabawa, ta ce in raka ta ofishinsa. Ni na ɗauki akwatin awon, na tsaya a bakin ƙofa. Ta gaishe shi, ta faɗi abin da ta gani a Zugu, da lambar, da dalilin da ya sa ta ɓoye.

Dokta ya dube ta. Sannan ya ce, "Ɗaya cikin biyu ne. Ko kin yi ƙarya a gaban jama'a, ko ba ki iya awo ba. Kin san kowanne yana kayar da ɗalibi?"

"Na sani, Dokta."

"To wanne ne?"

"Na farkon. Ka kayar da ni, ba komai. Amma ka ba ni hannunka. In ba ka yarda da ni ba, a kira Madam, ko wani likita, ko ka je asibiti inda ba a san ka ba."

"Ina ne ba a san ni ba?"

Ta karɓi akwatin daga hannuna, ta buɗe, ta ajiye a kan teburinsa. Na ga ya kai yatsunsa ga maɓallin hannun rigarsa. Wallahi na ɗauka zai buɗe. Sai aka buga ƙararrawar shiga aji, ɗalibai suka fara wucewa ta taga suna leƙowa. Ya janye hannunsa, ya rufe akwatin, ya ce, "Bayan jarrabawa."

Da yamma ya shiga mota, abin da bai saba ba. Sai da muka kusa Gema ya ce, "Salifu, mahaifina a zaune ya faɗi, yana ɗaure huhu. Wansa ma haka. Tun ina yaro na ce ni ba zan bi su ba. Na bar duk abin da suke ci." Ya dubi waje. "In ni ma ina da hawan jinin nan, me zan gaya wa yaran nan? In ce su bar gishiri su zama kamar wa?"

Na ce, "Dokta, ai akwai magani. Kai kake rubuta wa mutane."

Ya ce, "Mai harhaɗa maganin ɗalibina ne. Kafin in isa gida duk Paraku ta ji."

Bai kayar da Mariyama ba. Ya ba ta makin da ya fi na kowa, amma bai ƙara yi mata magana ba. Jarrabawa ta wuce, bai kira kowa ya auna shi ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara wa kansa abin da ya sani. Ya bar gishiri kwata-kwata, ya bar nama, ya ƙara tsawon hanyarsa ta safe, yana zagayawa ta Zongo kafin ya iso makaranta. Ya rame. Mutane suna yaba masa, suna cewa Dokta kullum ƙara yarinta yake yi.

Wata Asabar, bayan an dawo hutu, yana gaban sababbin ɗalibai a fili sai ya tsaya kamar mai neman wani abu a ƙasa, ya durƙusa, ya kife. Ina wanke mota na ji ihu. Muka ɗauko shi, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe yana kallonmu. Na tuƙa kamar yadda ban taɓa tuƙi ba. A asibiti tsofaffin ɗalibansa ne suka karɓe shi. Ɗaya daga cikinsu ya naɗa masa ƙyallen, ya auna, ya ɗago kai ya dubi sauran.

Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi, sai kalma ɗaya ko biyu da ƙyar. Bayan wasu watanni iyalinsa suka ce a mayar da shi Zugu. Ni na kai shi. Ina fargabar abin da Alhaji Bukari zai ce, domin na san bakinsa. Da aka shigar da Dokta zaure a kan kujera, tsohon ya rarrafo ya kama hannun da ya mutu, ya riƙe a ƙirjinsa yana kuka, yana cewa, "Isifu, ni ne a kan layi, ba kai ba." Bai yi zancen goro ba, ranar ko bayanta.

Amma gari ya yi. A Zugu da Paraku magana ɗaya ce: ga wanda ba ya cin gishiri, ba ya cin goro, yana gudu kamar doki, ga inda ya ƙare. Shekarar da ta biyo muka koma wata unguwa a Zugu da ɗalibai, wani mutum ya katse ni ina cikin juyawa ya ce, "Direba, ina malamin naku mai jinin saurayi?" A makaranta kuku ya mayar da gishirinsa, babu wanda ya hana. Gudun Asabar ya mutu. Abin da Dokta ya ji tsoro ya faru, ya ma fi yadda ya zata, domin mutane ba su san cewa an gano ciwon da sauran lokaci ba. Da ya sha magani ya ci gaba da tafiyarsa, da watakila yana nan yana koyarwa, kuma da ɗalibansa sun koyi abu biyu maimakon ɗaya.

Da ta gama karatu, Mariyama ta nemi a tura ta aiki Zugu, aka tura ta. Duk lokacin da hanya ta bi da ni can nakan leƙa in gaishe shi. Sau da yawa nakan tarar da ita ta zo bayan ta tashi aiki. Yana ganinta sai ya miƙa hannun hagu, ba sai ta roƙa ba. Ta auna, ta faɗi lambar da ƙarfi, ko mai kyau ce ko maras kyau, ya gyaɗa kai, ta ba shi ƙwayarsa ya haɗiye. Haka suka yi har Allah ya karɓi ransa, damina biyu bayan faɗuwarsa.

Abin da Dokta ya koyar gaskiya ne, ban taɓa shakka ba. Ni kaina na rage gishiri saboda shi, kuma ina jin daɗin jikina. Amma na gane cewa kiyaye ci da sha ba ya hana a duba mutum, kuma wanda ya mayar da jikinsa abin misali ya hana kansa ikon yin ciwo. Na gane kuma cewa a wannan aiki awo ƙasa yake gangarowa. Mai shara ana auna shi har ya gaji. Malami kuwa, iyakar girmansa iyakar ƙarancin masu iya cewa ya miƙo hannu. Mu huɗu muka san halin da Dokta yake ciki, a makarantar da ke cike da abin awo, kuma 'yar ƙaramar cikinmu ce kaɗai ta iya buɗe akwatin a gabansa.

Ku da kuke tuƙa likitoci yanzu, ku ne kuke ganinsu in sun gaji, ku ne kuke ganin hannun da ke zuwa ƙeya. In kun faɗa aka ce ku kula da hanya, ku kula da hanya, gobe ku sake faɗa.